Kumburi ya sace, ciwo bai tafi ba

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah ya ja zamani. Allah gafarta Malam Liman. Iyayena maza, iyayena mata da ke can gindin darbejiya, ƙannena matasa, sannunku da fitowa.

Yau ba allurar rigakafi na zo yi ba, gidan sauro ma ban kawo ba, mai jiran rabo sai ya yi haƙuri. Maganar sankarar jini ce ta kawo ni. Ba sai na faɗa muku kamanninta ba, kun yi jinyarta da hannunku, kun kuma yi jana'iza kwanan nan. Da izinin iyalan marigayi nake magana, Allah ya jiƙansa. Tun daga zaman makoki ake ta yaɗa cewa wai ƙwayar asibiti ce ta ƙarasa shi. Wannan magana ta sa wasu masu irin ciwonsa a mazaɓar nan sun jingine nasu maganin, kuma shi ya sa na roƙi Mai Unguwa ya tara ku.

Duk gidan da na shiga, zance ɗaya ne. "Malam, ai ya warke. Cikin ya sace, yana cin tuwo, ya koma kasuwa. In magani na gaskiya ne, don me za a ce mutum ya yi ta sha ba ranar dainawa?" Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa.

Irin da ke damun mutanenmu nan, likitoci na ce da shi CML. A ɓargo yake farawa. Cikin ƙwayar halittar jikinmu akwai wasu zarurruka 46 da ake kira kiromosom. Wata rana, a cikin ƙwaya ɗaya tak ta ɓargo, sai guntun na 9 da guntun na 22 su ɓalle su yi musayar wuri. A 1960 wasu masana biyu, Peter Nowell da David Hungerford, suka fara hango alamar abin a birnin Filadelfiya na Amurka, a 1973 kuma wata mata mai suna Janet Rowley ta gano musaya ce. Ba jifa ba ne, ba gado ba ne, ba a ɗauka a kwanon abinci. Inda guntayen suka haɗe sai ya riƙa ƙera wani furotin, BCR-ABL, aikinsa kawai ya ce wa fararen ƙwayoyin jini ku yi ta hayayyafa, kar ku tsaya. Su ne ke cika saifa har ta sauko ta taɓa cibiya. Na ga cikin wani bawan Allah, gefen hagu duk tabon tsagar wanzami, layi-layi, saifar kuwa tana nan kamar ba a yi ba.

Ƙwayar da ake ba su, imatinib, wadda kuke gani an rubuta Glivec a kwalinta, ta fito a 2001. Tana shiga wani gurbi a jikin wancan furotin ta toshe shi. Kafin zuwanta, mai wannan ciwo yakan yi 'yan shekaru ne kawai ciwon ya rikiɗe ya zama mai tsanani. Bayan zuwanta, a babban gwajin da aka bi marasa lafiya shekara da shekaru, fiye da 80 cikin 100 suna raye bayan shekara 10. Wannan ce ƙwayar da ake cewa tana kisa.

To ga inda nake so ku buɗe kunne. Ranar da aka gano ciwon, mugayen ƙwayoyin da ke jikin mutum sukan kai wajen tiriliyan ɗaya. Ya sha magani wata biyu, wata uku, saifa ta koma mazauninta, gwajin jini na yau da kullum ya nuna lafiya lau. A wannan lokacin da kuke cewa ya warke, akwai sauran biliyoyi a ɓargonsa. Idonku ba ya ganinsu, idon likita ma ba ya gani, sai da wani gwaji na musamman da ake kira PCR. Kallon kitse kuke yi wa rogo, iyayena.

Akwai kuma waɗanda suka fi waɗannan wuyar sha'ani. Wata likita a Gilasgo ta ƙasar Sikotilan, Tessa Holyoake, ita da abokan aikinta sun nuna cewa cikin iyayen ƙwayoyin, wato waɗanda ke haifar sauran, akwai masu kwanciya luf a ɓargo, ba sa rabuwa, ba sa motsi, kuma maganin ba ya kashe su. Manoma da ke nan kun san ƙuduji. Ka tuge shi tas a bana, gona ta yi kyau, amma irinsa na nan cikin ƙasa shekaru, yana jiran saiwar dawa ta taso shi. Muddin ana shan ƙwayar, duk abin da waɗannan suka haifa ana danne shi. Ranar da aka daina, an sakar musu fili.

Wani matashi ya tare ni a bakin kemis ya nuna mini waya, ya ce ga shi a Turai ana dainawa. Gaskiya ne, ana dainawa, amma bai karanta har ƙasa ba. A Faransa, a 2010, an ba da sakamakon wani gwaji: an zaɓi mutanen da PCR ya kasa ganin ko ɓurɓushin ciwon a jininsu har shekara biyu a jere, aka ce su daina. Wajen 6 cikin 10 ciwon ya dawo musu, akasari cikin wata shidan farko. Abin da ya cece su shi ne ana auna jininsu kowane wata, da ya leƙo aka mayar da su kan magani. Kai da ba a taɓa yi maka PCR ɗin ba ma, da wane ido za ka ga ya leƙo?

Na san abin da za ku ce. Marigayi ai ya koma kan maganin, bai yi masa aiki ba. Haka ne. Kuma dalilin ke nan da ya sa nake ɗaga murya.

Duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu sai ta kwafi rubutun da ke cikinta, kuma wani lokaci ana samun kuskure a kwafin. In ƙwayoyin kaɗan ne, kuskuren kaɗan ne. In an bar su sun koma biliyoyi suna ta rabuwa, wata rana sai kuskuren ya faɗa daidai gurbin da magani ke shiga. A 2001, a birnin Los Anjalas, Charles Sawyers da mutanensa suka binciki jinin waɗanda ciwon ya dawo musu, suka tarar da canji guda a matsayi na 315 na furotin ɗin. Abu ɗaya ya sauya, ƙwayar maganin ta kasa zama. Yau an san irin waɗannan canje-canje da dama. Ba maganin ne ke ƙirƙiro su ba. Abin da ke faruwa shi ne, in ka dawo kana sha, sai ya kashe masu jin magani ya bar marasa ji, su kuma su cika ɓargo. Akwai wasu ƙwayoyin da ake komawa kansu, dasatinib da nilotinib, amma wancan canji na 315 su ma ba ya jin su, sai irin su ponatinib da ta fito a 2012, kuɗinta kuwa kar ku tambaya.

Ba na ce duk wanda ciwonsa ya dawo laifinsa ba ne. Akwai wanda bai taɓa tsallake rana ba kuma ya dawo masa, rai na Allah ne. Amma kar mu buɗe masa ƙofa da hannunmu.

Kuma ba sai an daina ɗungurungum ba. Sha yau, tsallake gobe, shi ma ɓarna ne. A asibitin Hammersmith da ke Landan an ba marasa lafiya kwalabe masu murfin da ke lissafa duk lokacin da aka buɗe. Waɗanda ke tsallake fiye da ɗaya cikin goma, wato kwana uku kacal a wata, akasarinsu ciwon bai kwanta yadda ake so ba. Kwana uku! Na shiga wani gida na tarar da tela yana fasa ƙwayar gida biyu da reza, wai don ta kai shi bayan salla. Na zauna a kan bencinsa na rasa abin faɗa, don na san ba ganganci ba ne, kuɗin mota ne babu. Wata baiwar Allah kuwa ta daina ne saboda fatarta ta yi haske, kishiyoyi da maƙwabta suna ta yi mata gorin bilicin. Jama'a, maganin ne ke sa haka a baƙar fata, sananne ne, kamar yadda yake sa kumburin fatar ido da safe da ɗaurewar jijiyar ƙafa. Ku ji tsoron Allah ku bar ta ta sha maganinta.

Masu cewa abin kyauta abin tsoro ne, na san kuna tuna gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996, kuma ban ga laifinku ba. Amma wannan ba gwaji ba ne. Ita ce ƙwayar da aka riƙa saye da tsada a ƙasashen da suka ƙera ta, kuma tun 2003 aka fara ba da ita kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife.

Allah gafarta Malam, ba wanda ya hana addu'a, ba wanda ya hana tofi. A yi, a kuma haɗiye ƙwayar. Roƙona ka faɗa musu haka a huɗuba, sun fi jin naka.

Sauran a gurguje, na ga rana ta yi. A sha sau ɗaya kullum, da abinci da ruwa mai yawa. Da azumi a tambayi likita a mayar da ita lokacin buɗa-baki ko sahur. Mace mai shan ta in tana son haihuwa ko ta ga ɓatan wata, ta je wurin likita da wuri, don ƙwayar na iya cutar da ɗan tayi. Kar a haɗa da jiƙe-jiƙe ba a faɗa wa likita ba. Wanda ya riga ya daina kar ya ji kunya, kar kuma ya ɗauko tsohon kwali ya ci gaba da kansa, ya zo a fara auna jininsa.

Ranka ya daɗe, maganar kuɗin mota na bar ta a hannunka da 'yan kwamitin masallaci. Masu katin asibiti, ko wanda ke da mai shi a gida, ku same ni a zaure in an tashi, ɗaya bayan ɗaya, ku zo da kwalayen in ƙirga abin da ya rage.