Jawabi Kan Sakin Talala Ga Waɗanda Suka Yi Laifi Suna Yara

Jama'a, mazauna Legas da Badun da sauran biranen Kudu, batun da za a duba yau shi ne na yaron da ya aikata babban laifi, aka yanke masa ɗaurin rai da rai: shin yana da hakkin a sake duba lamarinsa bayan ya girma?

A cikin Nuwamba 1963, a Jihar Luwiziyana ta ƙasar Amurka, wani yaro mai shekara 17, Henry Montgomery, ya harbe wani ɗan sanda har lahira. Da farko hukuncin kisa aka yanke masa, daga bisani aka mayar da shi ɗaurin rai da rai ba tare da damar sakin talala ba, watau sakin da ake yi wa fursuna bisa sharuɗɗa kafin wa'adinsa ya cika.

A 2012 Kotun Ƙolin Amurka ta hana dokokin da ke tilasta wa alƙali ya yanke irin wannan hukunci ga wanda bai kai shekara 18 ba. Hujjarta kuwa ita ce hankalin yaro bai gama nuna ba, abokai na iya jansa, kuma halinsa na iya gyaruwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A 2016, a ƙarar da Montgomery ya shigar, kotun ta ce wannan hukunci ya shafi har waɗanda aka ɗaure tun da daɗewa.

Amma fa kotu ba ta ce a buɗe ƙofar kurkuku ba. Cewa ta yi a ba mutum damar nuna ya sake hali. Hukumar sakin talala ta ƙi sakin Montgomery a 2018 da 2019, iyalin mamacin kuma suka nuna rashin amincewarsu, domin su ma suna da nasu raɗaɗin. Sai a Nuwamba 2021 ya fito, yana da shekara 75, bayan kusan shekara 58 a tsare.

A nan Nijeriya, Dokar Hakkin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro. Dokar Tarayya ta 2015 kan shari'ar laifuka kuma ta ba kotu ikon dakatar da sauran wa'adin fursunan da aka ɗaure shekara 15 ko fiye, in ya ci kashi ɗaya cikin uku, hukumar gidan yari kuma ta shaidi kyawun halinsa.

Saboda haka wajibi ne iyaye su yi wa 'ya'yansu takardar haihuwa, su adana ta ko ina suke zaune. Ranar da yaro ya tsaya gaban alƙali, shekarunsa ne za su nuna a wace doka za a auna shi, kuma baki kaɗai ba ya isa shaida.