Jawabin Shugaban Horaswa a Bikin Yaye Matuƙa Jiragen Fito

Mai girma Kwamishinan Sufuri, wakilin Mai Martaba Sarki, hakimai da dagatai, Sarkin Ruwa da jama'arsa, jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa, malamanmu, iyaye, 'yan jarida, da ku ɗalibai masu wannan rana.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana ƙarshen wannan zango lafiya. An gyara ajujuwa, an samu injuna na koyo, an koyar da gyaran inji da karanta ruwa da ceto da taimakon gaggawa, har waɗanda suka zo ba su iya iyo ba yanzu sun iya. Muna godiya ga gwamnati da masarauta.

Masu rubuta mini jawabi sun cika shafi uku da yabo. Ku yi haƙuri, zan tsallake, akwai labarin da ya fi damuna.

A Amurka an yi wani jirgin fasinja mai tururi, sunansa Eastland. An ƙera shi a 1903 a garin Port Huron, yana jigila a manyan tafkunan ƙasar, ya yi suna wajen gudu. Amma tun yana sabo aka san shi da karkata, samansa ya fi ƙasansa nauyi. Bayan nutsewar Titanic a 1912 aka yi dokar ƙara jiragen ceto, shi ma aka jibga masa su a can sama, nauyi kan nauyi. Daga nan aka ɗaga masa lasisi zuwa fasinja 2,500.

Safiyar Asabar, 24 ga Yuli 1915, ma'aikatan kamfanin Western Electric da iyalansu suka cika shi a Chicago, za su ƙetare Tafkin Michigan yawon shaƙatawa. Babu iska, babu igiyar ruwa. Jirgin bai ko bar kwata ba. Injiniyoyi na ta fama da tankunan ruwan da ke daidaita shi, ya karkata, ya miƙe, ya sake karkata, sai ya kwanta a gefensa cikin ruwan da zurfinsa bai fi mita 6 ba. Mutum 844 suka rasu, mafi yawa mata da yara da matasa, mutane na tsaye a gaɓa suna gani. Daga baya aka ɗago shi, sojan ruwa suka maishe shi jirgin horaswa.



Mu ma ba labari aka ba mu ba. Mun ga hatsarin jirgin Wara a 2021, mun ga ɗaliban Islamiyya na Bagwai a shekarar, mun ga 'yan biki na Patigi a 2023. Allah Ya jiƙansu. Idan an bi diddigi, sau da yawa maganar ba ta wuce lodi. Ranar kasuwa mai jirgi zai ce muku ku ƙara mutum biyar, ga buhunan shinkafa, ga babur, ga akuya. Dattijo zai ce ɗana, ni ne za ka bari a gaɓa? E, Baba, a bar ka, jirgi zai dawo.

To ranka ya daɗe Kwamishina, ga inda nake so a ji ni. Yaron da muka yaye yau ba zai iya ce wa maigidansa a'a shi kaɗai ba, a aljihunsa yake ci. Muna buƙatar mai ƙirga fasinja a kowace kwata, wanda albashinsa ke fitowa daga gwamnati. Wanda ke karɓar kamasho a hannun mai jirgi, an ba kura ajiyar nama ke nan. Mun rubuta, mun sake rubutawa. Rigunan ruwa ma da aka kawo, mun gode, amma ko jirgi ɗaya na ranar kasuwa ba za su isa ba, kuma babu na yara. Na ga Sarkin Ruwa yana murmushi, shi ya sa ni faɗa.

Magatakarda, kira sunaye, a fara da 'yan ajin gyaran inji.