Mu Kai Yara Su Ga Giwa Da Idonsu

 

Uwargida, sau nawa kika yi wa yaranki tatsuniyar Gizo da giwa? To, ke kanki kin taɓa ganin giwar? Yau zancenmu a kan ziyarar gandun dajin Yankari ne, da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauci. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Akwai giwa, ɓauna, gwanki, dorina, kada da birai, kowanne yana yawonsa a sake, babu keji.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, kada a kwashi yara a bar ki gadin gida. Ai kulle bai hana mace fita tare da mijinta ba. Ki bari sai maigida ya ci ya ƙoshi, hankalinsa ya kwanta, sannan ki kawo maganar cikin lalama. In ya ce kuɗi, nuna masa kin soma tari, ko da daga adashinki ne. Akwai kuɗin mota, na shiga, da na masauki. Shi kuma ya bincika farashi da lafiyar hanya kafin a sa rana.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga Disamba zuwa Afrilu. Ciyawa ta bushe, kududdufai sun ƙafe, sai namun daji su riƙa taruwa a bakin kogin Gaji. Da damina kuwa, duhuwa ce ke ɓoye su. In da hunturu za ku, kar ki manta da rigunan sanyin yara. Ku yi sammako, domin daga ƙofar shiga zuwa sansanin Wikki, inda masaukin yake, ya haura kilomita 40.

Guzuri kuma fanninki ne: dambun nama, cincin, ruwan sha isasshe, da gidan sauro. Amma fa a kiyayi gwaggon biri! Ɓarawo ne na gaske, yakan fizge leda a hannun yaro, har ɗaki yakan shiga in an bar ƙofa a buɗe. Kada a ba shi abinci, kada a tsokane shi.

A sansanin akwai maɓuɓɓugar Wikki, ruwa garai-garai mai ɗumi kamar digiri 31, rani da damina. Yara za su so wanka, sai dai akwai wurare masu zurfi, don haka ido a kansu. Wurin na kowa da kowa ne, ki zauna gefe da hijabinki ki sha kallo.

In aka shiga daji, a bi umarnin ɗan rakiya. Ba mai sauka daga mota, ba hayaniya. Ki nuna wa yara halittun Ubangiji, ki faɗa musu sunayensu da Hausa. Gani ya kori ji.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.