Riƙon Sanda a Wasan Golf
(Jawabin da aka yi wa ɗalibai 'yan asalin Birnin Kudu da Gwaram)



Na san wasunku sun yi murmushi da suka ji abin da zan yi magana a kai, don a wurinmu golf wasan Turawa ne da manyan masu kuɗi. To amma ku tuna, marigayi Mai Martaba Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya yi sarauta daga 1995 zuwa 2023, ya kafa filin golf a Dutse, kuma Birnin Kudu da Gwaram duk ƙasar Dutse ce. Da yawanku can za ku kama aikin gwamnati. In wata rana aka miƙa muku sanda a gaban manya, ba na so ku ji kunyar da na ji.

Ranar da na fara bugu, na damƙe sandar nan kamar yadda na saba damƙe ƙotar fartanya a gonar mahaifina, na ɗaga, na zabga iya ƙarfina. Ƙwallo ta tashi ta karkace dama, ta shige ciyawa. Sau biyar ana haka. Wani yaro mai ɗaukar mini jaka, wanda a haife na haife shi, shi ne ya matso cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, ba noma ake yi ba."

Ga dalili. Fuskar sanda ba ta taɓa ƙwallo sai na kusan rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Cikin wannan ɗan lokaci babu gyaran da mutum zai iya yi. Inda fuskar ta kalla, galibi can ƙwallo za ta nufa, kuma hannu ne kaɗai ke haɗa jikinka da sanda. Shi ya sa Ben Hogan na Amurka, a littafinsa na 1957, ya sa riƙo ya zama darasi na farko.

Mu Hausawa mun taso ana kwaɓarmu a kan hagu: ba a ci da ita, ba a karɓa da ita. A nan kuwa, ga wanda ba bahago ba, hagu ce jagora, ita ce a sama, ita ake sa wa safar hannu. Kada ka kwantar da mariƙin sanda a tsakiyar tafi. Shimfiɗa shi a gicciye kan yatsu, daga gindin ƙaramin yatsa zuwa gaɓar tsakiya ta manuniya, sa'an nan ka rufe hannu, tudun tafi ya hau kansa. Duba ƙasa. Ya kamata ka ga ƙusoshin gaɓoɓi biyu, ko uku, a bayan hannunka. Kwanar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ta nuna wajen kafaɗarka ta dama. In ƙusa ɗaya kaɗai ka gani, fuskar sanda za ta iso a buɗe, ƙwallo ta karkace dama, irin ciwona ke nan. In ka ga huɗu, fuskar ta rufe, ƙwallo ta murɗe hagu. Hogan kansa ya sha fama da wannan murɗewar kafin ya sauya riƙonsa.

Dama tana zuwa daga ƙasa, tafinta ya rufe babban yatsan hagu. Hanyar haɗa su uku ce. Akwai ta Harry Vardon, wanda ya ci babbar gasar Birtaniya sau 6 tsakanin 1896 da 1914, inda ƙaramin yatsan dama ke hawa kan tsagin manuniyar hagu da yatsan tsakiya. Akwai ta saƙa yatsun biyu cikin juna, wadda Jack Nicklaus da Tiger Woods suka shahara da ita. Akwai kuma ta ɗora yatsu goma duka. A ganina mai gajerun yatsu ya saƙa, kada ya wahalar da kansa don kwaikwayon Vardon.

Saura ƙarfin damƙa, kuma nan ne ɗan manomi ya fi shan wuya. In ka matse har jijiyoyin damtse suka miƙe, wuyan hannu ya sandare, kan sanda ya rasa gudu. Ku dubi makiyayi a dajin Gwaram yadda yake juya sandarsa: tana wasa a yatsunsa, amma ba ta suɓuce masa. Riƙon ke nan. Da hunturu kuma, ƙura takan sa robar mariƙi santsi, mutum ya riƙa matsewa bai sani ba. A wanke ta da ruwa da sabulu, a shanya.

Sabon riƙo ba daɗi gare shi ba. Makonni na yi ina jin kamar hannun wani aka ara mini, har bugun nawa ya ƙara lalacewa kafin ya gyaru. Ba sai kun mallaki sanda ba tukuna. Ku sami gora ko sandar tsintsiya mai kaurin babban yatsa, ku ajiye a bakin gado, kullum da safe ku riƙe ku saki sau ashirin kuna duba ƙusoshin nan.

Na zo da sanduna biyu. Shugaba, in ka ba da izini, masu so su fito mu ga hannuwansu.