Tsige shugaba: majalisa ko bariki?

In aka tayar da zancen tsige shugaban ƙasa a majalisun hira na Gure, da yawa cewa suke ɓata lokaci ne. Suna da hujja, don Nijar ba ta taɓa tsige shugaba ta hannun 'yan majalisa ba. Mahamane Usman, ɗan Damagaram, sojoji suka kifar da shi a 1996, Tanja Mamadu a 2010, Bazum Mohamed, wanda mazaɓar Tasker ta sha tura shi majalisa, a 2023. Amma wannan tarihin shi ya sa nake ganin tsigewa tana da amfani. A 2009, da kotun tsarin mulki ta ƙi amincewa da tazarcen Tanja, sai ya rusa majalisa, ya rusa kotun. Da ƙofar doka ta toshe, bindiga ce ta yanke hukunci.

Wasu za su ce tsigewa makamin 'yan siyasa ce, su kawo Balarabe Musa, gwamnan Kaduna a Najeriya da majalisar da jam'iyyar NPN ta mamaye ta tsige a 1981. Gaskiya ne, an yi son rai. Sai dai mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau kujerar, tsarin mulki bai faɗi ba, masu zaɓe kuma ba su rasa ƙuri'arsu ba. A Nijar kuwa, tsarin mulkinmu na 2010, kafin a dakatar da shi a 2023, ya buƙaci kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa kafin a tuhumi shugaba, don kada ƙiyayya kaɗai ta isa. Matsalar ita ce ɗan majalisar da ya fi tsoron fadar shugaba a kan mutanen mazaɓarsa.