Faifai Mai Hawa Biyu da Ajiyar Tarihin Garuruwanmu



Abin da muke so mu ja hankalinku gare shi yau ƙaramin abu ne a ido, watau faifan DVD da ke cikin akwatunan iyayenmu. A Likoro, da Hunƙuyi, da Kudan, da Maƙarfi, gidaje da yawa suna da irinsa. A cikinsa akwai ɗaurin aure, ko saukar Alƙur'ani, ko naɗin sarauta, da fuskoki da muryoyin dattawan da suka riga mu gidan gaskiya. Masu shi sun sakankance cewa ajiya ta yi. Mu kuwa muna ganin ba ta yi ba.

Tun da aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano cikin 1990, sana'ar bidiyo ta bi ta kan kaset, ta koma faifan VCD, sa'an nan DVD, kasuwar Ƙofar Wambai kuma ta zama cibiyarta. Masu ɗaukar hoton biki a ƙauyuka suka bi sawu. Faifan DVD na yau da kullum yana ɗaukar gigabait 4.7. A 2004 aka fito da mai hawa biyu wanda mutum zai iya zuba wa hoto da kwamfutarsa, mai ɗaukar gigabait 8.5. Bikin da a da sai an raba shi faifai biyu, sai ga shi ya shiga guda.

To, amma yaya hoton yake zama a ciki? Faifan da aka buga a masana'anta, rubutunsa hatimi ne da aka danna a jikin roba. Wanda ake zuba wa hoto a shago kuwa, wani rini ne aka shimfiɗa a cikinsa, hasken leza ya bi yana ƙona ɗigo-ɗigo a kai. Rini kuwa, kowace mace mai shanya atamfa ta san abin da rana take yi masa. Zafi da laima ma suna cinsa a hankali, ga shi ɗakunanmu rufin kwano ne, bazara ta gasa, damina ta jiƙa. Har ila yau faifan DVD fale-falen roba biyu ne aka manne, rubutun yana tsakiya. In mannin ba mai kyau ba ne, iska ta sami hanya, ɓarna ta fara daga baki.

Mai hawa biyu ya fi rauni. Kafin hasken ya kai hawa na biyu, tilas ya ratsa ta na farko, saboda haka ƙaramin lahani yana isa ya ɓata karatu. Shi ya sa sau da yawa hoto yake tafiya lafiya har tsakiya, daidai inda na'ura za ta sauya hawa, sai ya cije. In kuma mai shago ya zuba shi da gaggawa a faifai mai araha, don layi ya yi masa yawa, to, tun ran farko da ciwonsa ya fito, sai dai bai nuna ba.

Ko faifan ya tsira, ina na'urar kallonsa? Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera na'urar kaset ɗin bidiyo, ya daina a 2016. Yawancin kwamfutocin hannu na yanzu ba su da ramin faifai. Kada kuma wani ya ce filashi ko memori ya raba gardama, domin su ma in an bar su shekaru ba a jona ba, abin da ke ciki yana iya zubewa.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, amma ana karanta littattafansa har yau, a zaurukan malaman Zariya da kuma Gidan Arewa a Kaduna. Ba ƙarfin takarda kaɗai ya kawo su ba. Almajirai ne suka riƙa kwafa, in wannan ya tsufa a sake wani.

Saboda haka muna roƙon ƙungiya, a hutun nan kowane ɗalibi ya tattaro faya-fayen gidansu, ya kalli kowanne har ƙarshe, kada ya tsaya a farkonsa. Wanda ya buɗe a kwafe shi nan take wuri uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a wata ma'ajiya dabam, ɗaya a hannun ɗan'uwa a wani gari. A rubuta shekara da sunayen waɗanda ke ciki tun masu gane su suna da rai. Wanda ya cije kuma kada a yar, a gwada shi a na'ura biyu ko uku, domin abin da wata ta kasa karantawa wata takan iya.