Kakar Manyan Finafinai a Amurka

Da zarar watan Mayu ya kama, Hollywood ta shiga kakarta ke nan. Tsakanin nan da farkon Satumba 'yan makaranta kan samu dogon hutu, zafi na kora mutane zuwa gidajen sinima masu sanyi, kamfanoni kuwa na sakin finafinan da suka narka wa miliyoyin daloli.

Da can ana ɗaukar watannin zafi lokacin da kasuwa ke kwanciya. Fim ɗin Jaws na Steven Spielberg ne ya sauya lissafi a watan Yunin 1975. An yi ta tallarsa a talabijin ba ƙaƙƙautawa, aka buɗe shi a sinima sama da 400 rana guda. Kifin injin da aka ƙera domin fim ɗin ya yi ta lalacewa a ruwan teku, dole Spielberg ya rage nuna shi, sai kiɗan John Williams ya riƙa sanar da zuwansa. Abin da ido bai gani ba ya fi tayar da hankali, layi ya miƙe a bakin sinima. A 1977 Star Wars ya bi sahu.

Abin da ke damuna yanzu shi ne tsoron asara ya sa kamfanoni maimaita tsohon labari, kashi na biyu, na uku, har na goma. Alhali a 2023 Oppenheimer, fim na awa uku kan masanin da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya, ya tara fiye da dala miliyan 900, duk da ya fito rana ɗaya da fim ɗin Barbie. Irin wannan ƙarfin hali nake ɗokin gani bana.